Sadakar Baffa Ja'afaru

Shafi na 12

Masu cewa na yi shiru, ku yi haƙuri, wayar ce ta kwana a shagon mai caji. To bismillah.

"Muryar tasa ce. Tarin ne dai ba nasa ba."

Inna ce ta faɗa, kakata, tana zaune a gindin rumbu suna ɓarar gyaɗa da Hure maƙwabciyarmu. Ni ina bayan ɗaki ina shanya, ba su san ina wurin ba.

Hure ta kwashe da dariya.

"Kai Inna! Tari ma sai an nema masa dangi? Mutumin da ya shaƙi hayaƙin yaƙi?"

Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, idonta da ya daina gani yana fuskantar ƙofar zaure.

Shekaranjiya ke nan. Har yau ko ruwa nake ja a rijiya sai na ji maganar tana tahowa tare da guga.

Babana, Malam Abdussalam, ya tafi Sudan karatu ina 'yar ƙarama, ko firamare ban shiga ba. Tare suka tafi da ɗan'uwansa Baffa Ja'afaru, maraya ne, Inna ce ta raine shi. Ubanninsu wa da ƙani, iyayensu mata ya da ƙanwa, shi ya sa kamarsu har tsoro take ba mutane. Abin da ake rarrabe su da shi, Baba yana saka tabarau kuma ba ya yawan magana, Baffa kuwa bakinsa ba ya hutawa.

Da suka gama karatun sai suka zauna koyarwa a can. Sallah-sallah sukan kira a wayar Baffa Muntaka, yayan Baba. Da yaƙi ya ɓarke, ɗif. Sai can wani direba ya kawo labari a kasuwar Bici cewa ɗaya daga cikin malaman nan biyu na ƙauyenmu ya rasu a hanya.

Wanne? Ya ce wallahi bai sani ba.

Haka muka zauna. Umma ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma ƙara saka ɗan kunne ba.

Sai ga shi watan jiya, ranar kasuwa, wani mutum ya sauko daga bayan a-kori-kura. Ramamme, gemu ya yi fari, tabon ƙuna ya cinye masa rabin kumatu. A fuskarsa tabarau ne da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare.

Wani ya ƙwala ihu, "Malam Abdussalam ya dawo!"

Kafin ya iso gida an cika hanya. Inna ta fito tana lalube, ta rungume shi, ta sume a ƙirjinsa.

Tun ranar yake kwana a ɗakin zaure, wai sai jikinsa ya yi ƙwari. Yau ake sadakar Baffa Ja'afaru. Kuma jiya Baffa Muntaka ya yanke magana: da an watse sadaka, zaman zaure ya ƙare, yau mutum zai koma ɗakin matarsa.

Da hantsi na tarar da Umma tana dakan gumba. Hure ta zo da sassafe ta ƙunsa mata lalle da ƙarfin tsiya, yatsun ƙafarta sun yi ja.

Na ɗauki ɗaya taɓaryar. Muka shiga daka.

"Umma."

"Uhm."

"Kin kalle shi kuwa?"

"Wa?"

"Baba."

"Ke aikin ne ya yi miki kaɗan?"

"Tunda ya dawo ban ga kun haɗa ido ba."

"Mu ba a haka aka raine mu ba. Ko da can ba ma haɗa ido a gaban mutane."

"A bayan mutane fa?"

Taɓaryarta ta tsaya a sama. Ni kaina ban san bakina zai iya faɗin haka ba. Na sunkuyar da kai ina kallon turmi.

Ta sauke taɓaryar a hankali.

"Ummi, bara war haka me muke ci a gidan nan?"

Na ci gaba da kallon turmi.

"Tambayarki nake."

"Tafasa."

"Tafasa da me?"

"Ita kaɗai."

"Kin tuna ranar da Inna ta ce ta ƙoshi, alhali ko loma ba ta kai ba, don ki samu ki ci? Gonar ubanki ba taki, ba mai huɗa. Wannan geron da kike dakawa daga ina ya fito?"

"Iyayen yaran da yake koyarwa."

"To."

"Amma Umma, yau fa aka ce zai..."

"Na ji abin da aka ce! Kunnena ƙalau!"

Ba ta taɓa ɗaga min murya haka ba. Ta waiga ta dubi ɗakin Inna, ta rage sauti.

"Ni ban san komai ba, Ummi. Shekara nawa rabona da shi? Mutum yana tsufa, yana canjawa. Yayansa ya ce shi ne. Liman ya ce shi ne. Uwar da ta haife shi ta sume a jikinsa. Ni wace ce?"

"Ke ce matarsa."

Ta ɗauki taɓarya. Sau biyu tana kai wa bakin turmi duka, gero yana tsalle ƙasa, kaji suka taso.

"Kore su," ta ce. "Ki bar ni."

Da na ɗago, idonta ya yi ja kamar lallen.

Bayan azahar maza suka cika ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Ni nake miƙa ƙoren gumba ta zaure, Baffa Muntaka yana karɓa. Da na gama ban koma ciki ba. Akwai wata ɓula a jikin zanar da ke gefen zaure, tun ina yarinya ta nan nake kallon duniya.

Mutumin da ya dawo yana zaune kusa da Liman, ana zuwa ana durƙusawa.

"Malam, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Ja'afaru."

Sai ya ɗaga kai kawai.

Liman ya fara addu'a, kowa ya ɗaga hannu. Allah ya haskaka kabarinsa, amin. Allah ya sa ya huta, amin. Ni bakinsa nake kallo. Hannunsa yana sama kamar na kowa, amma leɓensa ko motsi. Kallon tafinsa yake kamar yau ya fara ganinsa.

Aka shafa. Aka tura masa gumba, ya tura wa na kusa da shi.

"Allah sarki Ja'afaru," in ji wani. "Ba mata, ba ɗa. Ya tafi kamar bai zo ba."

Tsoho Ɗanliti, da ba ya zama wuri bai saka mutane dariya ba, ya ce, "Kamar bai zo ba? Ni na san ya zo! Ja'iri, Allah ya gafarta masa. Shi ne fa ya ɗaure wutsiyar jakina da ta jakin Mai Unguwa, ranar ina saurin kai taki gona. Wannan ya ja gabas, wannan ya ja yamma, mangala ta kife a kaina!"

Aka fashe da dariya.

"Da rawanina ya ɗaure su, don wulaƙanci!"

"Igiyar guga ce."

Shi ne ya faɗa, mai tabaran. Da sauri ta fito, har da guntuwar dariya a ƙarshenta, ya yi maza ya haɗiye.

Ɗanliti ya nuna shi da sanda.

"Au, ashe kana wurin, Malam? Kai da muke cewa salihi!"

Aka ƙara dariya. Ni ban yi ba.

Baffa Muntaka ya ce, "Malam, ba wa mutane labarin ƙasar nan mana. Kullum sai yara kake ba wa, mu manya ko oho."

Ya gyara zama. Idan zai yi maganar Sudan kaɗai ne kafaɗarsa take saki.

"Ƙasa ce ta mutanen kirki, Yaya. Shekarun farko mun sha wuya. Larabcin da muka tafi da shi na littafi ne, in muka yi magana a kasuwa sai su ce ga masu huɗuba sun zo sayen albasa."

Liman ya yi murmushi.

"Abincinsu wata aba ce kamar waina, amma siririya, kana ganin hannunka ta cikinta. Wata guda ina ci ina jin kamar ban ci ba. Ga gahawa da citta, safe, rana, yamma. Da muka karɓi takardar shahadar gama karatu sai aka tura mu wani gari a bakin kogi. Na shiga aji ranar farko, na yi sallama da Larabci, na dage ina ta zuba. Sai wani yaro a baya ya ce wa ɗan'uwansa, wannan malamin kunnensa kamar faifai."

"Da Hausa?" in ji Ɗanliti.

"Da Hausa tsantsa! Ashe jikokin mutanenmu ne, waɗanda suka tafi Makka a ƙasa suka yada zango ba su ƙarasa ba. Hausarsu irin ta kakanninmu. Ba su taɓa ganin Kano ba, amma in ka tambayi yaro daga ina kake, sai ya ce daga gida. Ina ne gida? Ya nuna yamma."

Ya ci gaba.

"Ajin rumfa ce ta kara. In iska ta taso daga kogi sai mu danne allo da duwatsu. Ba bulala. Shugaban makarantar ya ce in ka daki yaro ka koya masa tsoronka, ba karatu ba. Mun sha mamaki. Mu ma sun sha namu."

"Kamar me?"

"Kamar wata rana da aka yi walima a gidan shugaban. Kowane malami ana tambayarsa 'ya'yansa, yana faɗin sunansu ana sa albarka. Aka zo kan wani mutumin namu. Ya ce 'ya ɗaya gare shi, tana gida. Aka ce mece ce sunanta? Ya yi shiru. Aka sake tambaya. Ya sunkuyar da kai, zufa tana karyo masa. Suka ɗauka rasuwa ta yi, har an fara yi masa ta'aziyya!"

Mutane suka fara dariya, don kowa ya gane.

"'Yar fari ce!" in ji Ɗanliti.

"'Yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka saka mata. Ta ina zai fara? Na yi ta yi musu bayani, sun kasa ganewa. Wai ya za a yi uba ya ji kunyar sunan 'yarsa? Ƙarshe ni na faɗa a madadinsa. Har muka bar garin suna tsokanarsa."

Na dafa zana, ta yi ƙara.

Ni ce 'yar fari a gidan nan. Sunan Inna aka saka min, Furera, shi ya sa kowa yake ce min Ummi. Abu ɗaya da nake tunawa da Baba sarai, bai taɓa kiran sunana ba. Ko Ummin ma ba ya faɗa. In yana nemana sai ya ce wa Umma, ina mutuniyar? A waya ma haka, ya mutuniyar, tana karatu?

Liman ya ce, "Wane ne wannan bawan Allah? Na nan kusa ne?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Wani ne... mutumin wajen Shanono."

Sai a lokacin na fara lalube a kaina, tun daga ranar a-kori-kura. Wa ya ce shi ne? Mai ihu a kasuwa ya ce. Baffa Muntaka ya ce. Da aka tambaye shi ina Ja'afaru, kuka ya fashe da shi, Baffa Muntaka ne ya yi salati ya sanar da mutane. Na bi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya ina neman inda shi da bakinsa ya ce ni ne Abdussalam.

Ban samu ba.

Da aka tashi la'asar Baffa Muntaka ya dafa kafaɗarsa, ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

"To Malam, an sallami mamaci, saura masu rai. Yau ka kwashe tabarmarka. Baiwar Allah nan ta yi haƙurin da ba kowa ba. In na zo da safe na tarar da kai a zaure, ni da kai ne."

"Yaya, da an ƙara min 'yan kwanaki..."

"An ƙara, an ƙara, har mutane sun fara magana. Ko kishiya ka baro mata a can?"

Aka yi dariya aka wuce masallaci.

A cikin gida Hure ta saki guɗa, ita kaɗai. Ba wanda ya taya ta. Umma tana zaune a bakin ƙofarta ta zuba wa ƙafarta ido. Inna tana jan carbi, amma na lura ƙwaya ɗaya take ta murzawa, ba ta wucewa.

"Ummi," in ji Inna. "Bai ci komai ba yau. Kai masa kunu."

"Inna, ni?"

"Ke. Ke za ki kai."

Ta riƙo hannuna, ta matse har sai da na ji zafi, sannan ta saki.

Ban taɓa shiga ɗakin zauren ba tunda ya dawo. Nakan ajiye kwano a bakin ƙofa in juya. Yau na yi sallama, muryata ko ni ban ji ta ba.

Ya dawo daga masallaci, yana tsugune ya ba ƙofa baya. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tabarma. Tabarmar a naɗe take. Jakarsa a ɗaure tam da igiya, butarsa a rataye a jikinta, takalminsa a ƙafarsa.

Wanda zai shiga cikin gida ba ya rataya buta a jaka.

Tabaran yana kan taga, an naɗe shi a cikin wani farin ƙyalle, gilashin kaɗai ya leƙo. Shi kuma yana zura zare a allura, zai ɗinke hannun jakar. Ba tabarau. Sau ɗaya ya zura ya shiga.

"Ga kunu," na ce.

Bai juyo ba.

"Ajiye nan, Furera."

Kwanon ya kusa suɓucewa. Kunu ya zubo min a yatsu, da zafinsa, ban ko yarfe ba.

A duk dangi mutum ɗaya ne yake kirana haka. Yakan faki idon Inna ya raɗa min a kunne, in ta jiyo ya ruga da gudu tana binsa da muciya.

Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Allurar ta tsaya. Bayansa ya sandare.

"A can... haka ake yi," ya ce. "Kowa da sunansa ake kiransa. Mutum sai ya saba."

Na zuba wa bayansa ido.

"Zama a wata ƙasa yana canja mutum."

Ya juyo a hankali. Ban taɓa ganin fuskar ba tabarau ba. Ba tsoro a cikinta, ba faɗa. Gajiya ce kawai, irin ta wanda ya ɗauko kaya daga nesa ya rasa wanda zai sauke masa.

"Tafiya za ka yi?" na ce.

"Akwai motar da ke wucewa Kano kafin magariba."

"Umma ta sani?"

"Ba zan shiga ɗakin nan ba. Ko Yaya zai yanka ni."

"Inna fa?"

Sai idonsa ya kawo ruwa.

"Kin ga yadda ta faɗi ranar. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Na ce bari ta farfaɗo. Da ta farfaɗo na ce bari gobe. Kullum ina zaune a ƙofar nan ina jiran mutum ɗaya ya tambaye ni. Mutum ɗaya. Gari guda, ba wanda ya tambaya."

Daga cikin gida na jiyo Hure tana kiran Umma ta zo ta ga turaren wuta. Daga waje kuma muryar Baffa Muntaka ce take matsowa, yana sallama da mutane.

In na yi shiru, zai ɗauki jakar nan ya bi ta bayan gonaki, ya tafi da abin da ya sani. In na yi magana, yau da jan lallenta Umma za ta shiga takaba, Inna ta sake faɗuwa, wataƙila wannan karon ba tashi.

Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

Na ajiye kwanon a ƙasa. Na goge yatsuna a zani. Na ɗago na kalli tsakiyar idonsa.

Takun Baffa Muntaka ya iso bakin zaure.

"Baffa Ja'afaru," na ce, "a ina ka binne Babana?"